Shuɗiyar Inhela a Aljihun Yaya

Da asma na tashi. Tun ina ƙarama, in ciwon ya motsa, ƙirjina kan riƙa kuka har ana ji daga ƙofar ɗaki, shi ya sa yayana ya laƙa mini suna Zugazugi. Mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan Inna, shi ne babba, ni ce auta, kuma akwai tazara mai yawa tsakaninmu. Babanmu mahauci ne a Ƙofar Rini. Tun Yaya bai iya riƙe wuƙa da kyau ba ake tada shi a tafi da shi mayanka, ni kuwa aka sa ni makaranta, aka hana ni matsawa kusa da murhu saboda hayaƙi. Yaya bai taɓa yafe mini wannan ba. In Baba ba ya gida, sai ya tsaya bayana yana kwaikwayon numfashina, har da dafe ƙirji, yaran maƙwabta suna dariya.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ya bar yanka ya koma sana'ar kilishi, Allah kuma ya buɗa masa. Ya gina gida a Runjin Sambo, ya je Makka, ya zama shi ke ciyar da Inna da duk waɗanda suka rage a tsohon gidanmu. Ni kuwa na yi aure a Gidan Dare. Mijina ya rasu ba mu haihu ba. Da na fita takaba danginsa suka buƙaci gidan, sai Yaya ya aiko cewa in tattara in dawo wurinsa. Na fi son in koma wajen Inna, amma ta ce, "Tahi wurin yayanki. Can akwai hili, akwai ɗaki naki ke kaɗai."

A shago ake yanka naman a shanya shi, amma yajin labu, wato haɗin da ake tsoma kilishi a ciki, a gida ake yin sa, domin Yaya ba ya son kowa ya ga yadda yake auna kayansa. Ba ya yarda a kai inji, wai inji yana ƙona ƙamshi. Barkono da citta da masoro da kanumfari, duk a turmi ake daka su, sannan a tankaɗe a rariya. Kafin zuwana matarsa ce ke yi tare da wasu mata da ake ɗaukowa aiki. Satin da na tare ya sallame su.

Na ce masa, "Yaya, ka san ƙirjina ba shi son yaji."

Ya ce, "Cikinki kau yana son tuwo ko?"

Matarsa, wadda nake kira Anti, mace ce mai sanyi, tsoronsa take ji ƙwarai. In ba ya gida takan karɓi rariya ta bar mini taɓarya, don tankaɗe ya fi daka tada ƙurar yaji. In ya dawo ya tarar da mu haka, ita yake zagi.

A lokacin inhela biyu gare ni, wato abin shaƙar maganin asma. Ɗaya mai ruwan ƙasa, ta rigakafi, ina shaƙa safe da yamma ko ina lafiya. Ɗayar shuɗiya, ita ce ta ceto. In ƙirji ya ƙulle, da na fesa ta sai hanya ta buɗe. Shuɗiyar nan a bakin zanina take kwana, da ita nake shiga banɗaki, da ita nake zuwa gidan biki. A gidan mijina nakan daɗe ban taɓa ta ba. A gidan Yaya kuwa babu ranar da ba na neman ta, wata rana ma sau da yawa. Tari ya zame mini abokin zama, na rame, barci ya ƙi. Ranar da na yi ta tari gaban wasu baƙinsa har ɗaya ya ce a kai baiwar Allah nan asibiti mana, sai Yaya ya ji kunya, washegari ya tare mana keke napep.

A waje ya zauna yana waya, ni kaɗai na shiga wajen likita. Mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta saurari bayana da ƙirjina, ta sa na hura wani bututu, ta tambaye ni aikin da nake yi a gida. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro ta dube ni.

"Yaji? Da wannan ƙirjin? Malama, ki daina."

Ta ce za ta canza mini magani zuwa wata sabuwar inhela mai haɗi biyu a ciki. Na ciro nawa na ɗora kan teburinta, na ce, "To waɗanga hwa? In ci gaba da su, ko in bari?"

Ta ɗauki mai ruwan ƙasar ta ce, "Wannan ki ajiye ta. Irin maganin da ke cikinta yana cikin sabuwar, in kika haɗa su ya yi miki yawa. Abu na biyu da ke cikin sabuwar shi ne mai riƙe hanyar numfashi a buɗe tsawon yini, amma a hankali yake aiki." Sannan ta ɗauki shuɗiyar ta sa mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kanta. "Wannan kuwa kada ki rabu da ita ko'ina za ki. Irin sabuwar da na rubuta miki ba ta ceto ba ce. In ciwo ya taso, wannan za ki nema." Ta ƙara da cewa in riƙa kurkure baki bayan na shaƙi sabuwar.

A hanya muka tsaya kemis. Yaya ne ya shiga, ni ina cikin keke. Ya fito da kwali yana juya shi, ya jefo mini kan cinya. Da na buɗe sai na ga wani abu kewayayye mai launin shunayya, kamar ƙaramin faifai. Ba fesawa ake yi ba. Gari ne a ciki, sai mutum ya ja shi da ƙarfin numfashinsa.

Muna shiga gida, tun ban cire hijabi ba, ya miƙo hannu.

"Kawo tsoffin."

Na ba shi mai ruwan ƙasar. Hannun bai sauka ba.

"Guda biyu nis sani."

"Yaya, likita ta ce in riƙe shuɗiyar. Mai ruwan ƙasa ɗai anka ce in bari."

"Mai kemis ya ce wagga biyu ta cikin guda. Naki nawa na? Biyu. To sun shiga cikin wagga. Ko lissahin ma sai an kai ki makaranta?"

Na yi masa bayani yadda likita ta yi mini, a hankali, ina zaɓen kalmomi don kada ya ga kamar ina nuna masa ilimi. Na ce biyun da ke cikin sabuwar ba su ne biyun nawa ba. Na ce mu koma asibitin ya ji da kunnensa, ko ya kira mai kemis ɗin ya sake tambayarsa. Yana saurare yana murmushi.

"Na daɗe ina kallonki," in ji shi. "Kin maishe abin ga awa taba. Da an ce ɗauki rariya sai ki zaro shi ki yi hus-hus, a ce wayyo ba ta da lahiya. Tun zamanin Baba da shi kike ci. An sai miki mai tsada, kin warke. Kawo."

Na ce likita ta hana ni aikin yaji ma. Ya ce, "Sai ki koma gidan likita ta ci da ke."

Ban miƙa masa ba. Shi ya kamo bakin zanina ya kwance ƙullin, gaban matarsa. Mai ruwan ƙasar ya jefa ta masai. Shuɗiyar kuwa ya sa ta a aljihun gaba na rigarsa, inda yake sa asuwaki, ya ɗan bubbuga wurin.

"Tana nan. Ran da nig ga da gaske kike, sai in ba ki."

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne sabuwar ta karɓe ni. Cikin kwanaki kaɗan tarin ya lafa, na fara barci har asuba. Kowace safiya in na fito gaishe shi sai ya ce da Anti, "Kin gani? Ina kukan ƙirjin? Ni nis san maganinta." Ni kuwa ina durƙushe, idona yana kan aljihunsa, ina ganin shatin abin ta cikin shadda. In ya canza riga sai ya canza mata aljihu, da ita yake zuwa shago, da ita yake zuwa masallaci. Ba na fita sai da izininsa, kuma ba ni da abin hannu. Na yi niyyar in na je gaida Inna in roƙe ta ta sa a sayo mini wata a ɓoye. Amma sai aiki ya taso, aka ce babu mai zuwa ko'ina.

Wani ɗan kasuwa ne mai kai kilishi Abuja ya ba da aiki mai yawa, na biki. Bazara ce, zafin Sakkwato irin wanda ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da rana. Yaya ya kawo buhun barkono, ƙanana masu zafin nan, ya ce ranar ba zai je shago ba, a gabansa za a yi. Ya sa aka fito masa da kujera bakin rumfa. Anti ta kai hannu ga rariya, ya ce, "Aje. Ke daka. Ita ta tankaɗe."

Na ɗaure hanci da baki da ɗankwali na fara. Na jure har bayan azahar. Sai wata iska mai zafi ta ratso tsakar gida ta kwashi garin da ke cikin rariya ta watsa mini a fuska. Na yi atishawa, na yi tari, sannan na ji abin da na sani tun ƙuruciya: kamar an sa igiya an zagaye ƙirjina ana ja. Iska tana shiga kaɗan, fita kuwa ta ƙi.

Na tashi na nufi ɗaki ina bin bango. Na san abin da likita ta ce, amma ba ni da wani abu, sai na buɗe sabuwar na kai baki. Ban iya jan garin ba. Numfashin da zan ja shi da shi ne babu. Na fito da rarrafe. Siminti yana ƙona mini gwiwa da tafin hannu har na iso gaban kujerarsa na kama gefen rigarsa. Magana ba ta fita, sai na nuna aljihun da yatsa.

Ya dube ni daga sama. "Zugazugi ya tashi? Shaƙi naki sabon."

Na girgiza kai. Anti ta saki taɓarya ta matso, ta ce, "Alhaji, don Allah."

"Koma bakin turminki."

Ya zaro shuɗiyar a hankali, ya cire murfin, ya girgiza ta kamar yadda ya sha ganin ina yi. Na miƙa hannu biyu. Sai ya ɗaga ta sama ya fesa cikin iska. Na ga farin hayaƙin ya fita ya ɓace a rana. Har yau in na tuna ranar, wannan ne ke fara zo mini, ba ciwon ba.

"Tana aiki," ya ce. "To ki ce min in kin shaƙa za ki ƙarasa tankaɗen ga yau."

Na ɗaga kai alamar na yarda.

"Ban ji ba. Da baki."

Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai kukan ƙirjin nan. Gefen idona ya fara duhu. Ina jin gumi yana bin bayana, ina jin fitsari ya kuɓuce mini, shi ma ya gani, ya janye ƙafarsa don kada ya taɓa takalminsa. Anti, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ƙwala ihu, "Leɓenta ya yi baƙi! Alhaji, mutuwa za ta yi!"

Ban sani ba ko ihun ne ya tsorata shi, ko tunanin maƙwabta za su ji. Bai miƙo mini ba. Cilla ta ya yi, ta wuce hannuna ta faɗa cikin tasar barkonon da na tankaɗe, ba murfi. Anti ta tsamo ta, ta goge da zaninta, ta zuba mata ruwan buta, ta tura mini a baki ta danna. Abin da ya shiga maƙogwarona rabi magani ne rabi wuta. Ta sake dannawa, ta sake. Ya ɗan buɗe kamar ƙofar allura, amma an makara, ciwon ya riga ya yi nisa.

Matan maƙwabta suka shigo da gudu. Da ganinsu sai Yaya ya miƙe yana salati da ƙarfi. Ya sunkuce ni kamar jaririya, ya fita da ni titi babu hula, yana kiran mai keke, yana cewa, "Ƙanwata! Ku taimaka, ƙanwata!" Duk layin sun gani.

A ɗakin gaggawa aka sa mini robar iska a hanci da baki, aka yi mini allurai. Na yi kwanaki a kwance. Da na fara dawowa hayyacina likitar nan ta zo zagaye, ta gane ni. Yaya yana tsaye a gefen gado da ledar lemo a hannu. Ta tambayi yadda aka yi. Kafin in janye robar ya amsa.

"Likita, tun da ta samu sabon ta yi watsi da tsohon. Na yi faɗa har na gaji. Ran nan da ƙyar munka gano inda ta jefa shi. Ga aikin yaji, an hana ta, ba ta ji."

Likitar ta juyo kaina, ranta a ɓace. "Malama, ban sa miki ita a hannu ba? Ban ce kada ki rabu da ita ba? Ke da kika yi makaranta? Ki gode wa Allah da ya ba ki ɗan'uwa mai kula." Ta yi ta faɗa, masu jinya na gadajen kusa suna kallona suna girgiza kai. Yaya ya ɗora hannu kan ƙarfen gadon, kusa da kaina. Na rufe ido.

Da aka sallame ni na ce da mai keke Ƙofar Rini. Na shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna. Da na fara ba ta labari sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ashe Anti ta riga ta faɗa mata komai.

"Na sani," ta ce. "Ki bar shi cikinki. Yayanki na."

Na bar shi, har ranar da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo duba ni ta matsa sai na faɗi dalilin da ya sa na baro gida mai fanka na dawo ɗakin da ko taga babu. Na faɗa mata. Kafin mako ya zagayo dangi duk sun ji, kuma yadda maganar ta koma kunnen Yaya shi ne ina yawo ina cewa ya so kashe ni.

Bai zo ya yi faɗa ba. Gero da shinkafa da naman da yake aikowa tsohon gida ne suka tsaya. Gaisuwar Juma'a da yake zuwa yi wa Inna ita ma ta tsaya. Gidan akwai tsofaffi da marayu waɗanda ba su da kowa sai shi. In na fito alwala sai hira ta mutu. Wata matar kawunmu ta ce da ni a bakin rijiya, "Ke kin rayu, mu kau za ki kashe mu." Inna ta daina cin abin kirki. Ranar Juma'a takan yi wanka ta zauna kusa da ƙofa har la'asar ta wuce, sannan ta shiga ɗaki ta juya fuska bango.

Wata safiya ta ce, "Ki ɗauko hijabinki. Za mu Runjin Sambo ki ba shi haƙuri."

"Inna, ni za ni ba shi haƙuri?"

"Ke ak ƙarama. In kina son in mutu ina yahe miki nono, ki tashi."

A falonsa ya karɓe mu. Ya tara Gwaggo da kawunmu da wasu abokan sana'arsa. Anti ta kawo ruwa ta fita, ba ta dube ni ba. Inna ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, uwar da ta haife shi, shi yana kan kujera. Na durƙusa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

"Da mi?"

"Da maganar da nig gaya ma Gwaggo."

"Gaskiya ta ko ƙarya?"

Na dubi Inna. Kanta yana ƙasa, tana murza bakin mayafinta.

"Ƙarya ta."

"Ɗaga murya, Kawu ba shi ji sosai. Wa ya yar da magani?"

"Ni."

"Wa ya ɗauke ki ya kai asibiti?"

"Kai."

Ya jingina da kujera ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce ya yafe, don Allah da darajar Inna, amma gidansa kam na gama zama, ba zai iya da mai sharri ba. Kawu ya yi addu'a aka shafa. Gwaggo, wadda ta san gaskiya sarai, ta ce Allah ya ƙara masa haƙuri.

A cikin keke muna komawa, Inna ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Kin gani? Mi ya ragu gare ki?" Kafin magariba buhun gero ya iso.

Daga baya na samu aikin koyarwa a wata makarantar firamare, na kama ɗaki a Gidan Dare. Sabuwar inhelar har yanzu ita nake shaƙa safe da yamma, kuma tun da na bar yaji ciwon ya kwanta, sai jefi-jefi. Shuɗiya kuwa yanzu biyu nake ajiyewa, ɗaya a jaka, ɗaya a wurin da ni kaɗai na sani. Da Yaya muna haɗuwa a suna da ta'aziyya, ina durƙusawa in gaishe shi yana amsawa. Yana son ba da labarin ranar, musamman in akwai baƙi: yadda ya fito da ni a hannu ba hula, yadda likita ta ce da an ƙara jinkiri da sai gawa. Mutane sukan juyo su ce da ni, "Allah ya bar miki shi." Nakan ce amin.